Idan Addu'a Ta Yi Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi Domin Masu Bi a Karkarar Kano da Jigawa

Tambayoyin nan na tsinto su ne daga bakin 'yan'uwa a ƙananan majami'u na ƙauyukanmu. Wasu an yi mini su bayan an tashi sujada ana zaune a gindin darbejiya, wasu a taron Zumuntar Mata, wasu kuwa sai mutum ya raka ni har bayan gari kafin ya iya furta abin da ke cinsa. Kalmomin kan bambanta, amma kukan ɗaya ne: "Malam, addu'ata ta yi sanyi." Na fara da masu sauƙi, masu nauyin suna gaba.

Mene ne sabuntawar ruhu? Ba ita ce muka samu ranar da muka tuba ba?

Sabuwar haihuwa sau ɗaya ce, ranar da mutum ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Sabuntawa kuwa aikin kullum ne. Manomi sau ɗaya yake sare daji ya mai da shi gona, amma babu shekarar da ba ya shara, ya kai taki, ya yi noman farko da maimai. Gonar da aka yi wa sakaci damina biyu, sabara da ciyawa sun karɓe ta, ko da takardarta tana hannun mai ita.

Dawuda ya daɗe da sanin Allah, har ya zama sarki, sa'ad da ya roƙa a halitta masa zuciya mai tsabta, a sabunta ruhunsa (Zabura 51:10). Bulus ma ya ce ko da jiki yana lalacewa, mutumin ciki ana sabunta shi kowace rana (2 Korantiyawa 4:16). Allah ne mai sabuntawar, ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Addu'a ita ce zuwanmu inda ake yin aikin.

Yaya zan gane na yi sanyi, alhali ba na fashin sujada?

Zuwa majami'a ba ya nuna zafin zuciya. Akwai mai zuwa kowace Lahadi, yana ba da baiko, yana cikin mawaƙa, amma cikinsa ya bushe. Alamar da na fi dubawa ita ce wannan: a ce maka matar wane ta kwana uku tana naƙuda, ko gobara ta cinye rumbun wane, ka ce "Allah ya kyauta" ka ci gaba da abin da kake yi, labarin bai biyo ka ɗaki ba. Sai kuma ka saurari addu'arka da kunnenka. Idan daga farko har "Amin" babu kowa a ciki sai ni, 'ya'yana, gonata, bashina, to ta ƙuntata. Roƙon waɗannan ba laifi ba ne, Uba yana so mu kawo su. Amma addu'ar da take zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke, ba ta daɗewa sai ta gundure mai yinta.

Ina durƙusawa, amma ba na jin komai. Ko Allah ya juya mini baya ne?

Kafin ka yanke wa kanka wannan hukunci, duba jikinka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya yi masa magana (1 Sarakuna 19). Wanda ya wuni yana huɗa a rana, ko macen da goyo ya hana ta barci, idan ta yi gyangyaɗi a kan gwiwa, gajiya ce, kada ta ɗauka zunubi ne.

Wani lokaci kuwa akwai abin da ke tsakani: zunubin da aka ɓoye, ko ƙullin da aka riƙe wani da shi. Wannan sai an furta shi (duba amsar tambaya a kan wanda ya cuce ka). Idan ka bincika babu ko ɗaya, ci gaba da zuwa. Mai Zabura ta 13 ya tambayi Allah har yaushe zai manta da shi, kuma an ajiye mana wannan kukan a cikin Littafi Mai Tsarki domin mu ma mu yi amfani da shi. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ranar da ba ka da kalma, ba kai kaɗai ne a ɗakin ba.

Me ya haɗa sabuntawata da damuwar wasu mutane? Ni ma ai fama nake da kaina.

Nan ne gindin maganar duka. Idan ka daɗe kana zama da mutum, sai ka san abin da ke hana shi barci. Haka yake da Allah, kuma abin da ke zuciyarsa mutane ne. Yesu ya ga taro, ya ji tausayinsu domin suna shan wahala kamar tumakin da ba makiyayi, nan take ya ce wa almajiransa su roƙi Ubangijin girbi ya aiko ma'aikata (Matiyu 9:36-38). Tausayin ne ya haifi addu'ar, kuma a sura ta gaba waɗanda aka ce su yi roƙon su ne aka aika. Ibrahim ya tsaya yana ciniki da Allah a kan Saduma domin kada a hallaka ta, daga adalai 50 har ya sauko zuwa 10. Nehemiya yana cikin daɗin fada a Shushan, ya ji labarin rusasshiyar garun Urushalima, ya zauna ya yi kuka kwana da kwanaki. Yunusa kuwa annabi ne, yana jin muryar Allah, amma ya fi jin zafin bushewar tsiron da ya yi masa inuwa fiye da ran mutum sama da 120,000 na Nineba. Littafinsa ya ƙare da tambayar da Allah ya yi masa a kan wannan.

Na taɓa kwana a wani ƙauye kudu da Sumaila, zana ce kawai tsakanin inda aka shimfiɗa mini da ƙofar ɗakin mahaifiyar mai masaukina. Tun zakara bai yi cara ba na ji muryarta ƙasa-ƙasa. Ta fara daga gidan farko na gabashin ƙauyen, tana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon goron suna: gidan da aka yi haihuwa, gidan da san huɗa ya mutu, gidan da yaro ya tafi Legas ba a ji ɗuriyarsa ba, har rugar Fulanin da ke bakin fadama. Gidan Kirista da na Musulmi duk ba ta tsallake ba. Ciwon gwiwarta sai can ƙarshe ya shigo. Da gari ya waye na same ta tana tankaɗe, na ce, "Inna, ba kya gajiya da wannan dogon zagaye?" Ta ce, "Ɗana, in na fara da kaina barci ke kwashe ni. In na fara da su, sai idona ya wartsake."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba. Faman da kake yi da kanka gaskiya ne, ba na raina shi. Amma sau da yawa zuciyar da ta ƙi motsi a kan nata nauyin, tana narkewa idan ta ɗauki na wani zuwa gaban Allah, daga nan kuma sai ta sami bakin faɗin nata.

Da damina ba ni da lokaci. Yaushe zan yi addu'a?

Yesu ma ya yi fama da yawan aiki, shi ya sa ya tashi da asussuba, tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa (Markus 1:35). A ƙauye kiran sallar asuba yana tada kowa, mai bi ma yana iya mai da shi agogonsa. Minti goma kafin a ɗauki fartanya ya fi awa biyu da ake ta niyya ba a yi ba. Hanyar gona ma wuri ne: duk gonar da ka wuce, ka san mai ita, ka ambace shi. Mata suna da bakin rijiya da turmi da murhu. Da dare kuma a tara yara bayan tuwo, ko aya ɗaya ce a karanta, kowa ya kawo sunan mutum ɗaya.

Ban yi karatu ba, kuma ban iya tsara magana irin ta fasto ba. Addu'ata za ta karɓu?

Za ta karɓu. Mai karɓar haraji a misalin Yesu jimla ɗaya ya yi, ya roƙi Allah ya ji ƙansa shi mai zunubi, kuma shi ne ya koma gida a karɓe, ba Bafarisiyen da ya iya jera kalmomi ba (Luka 18:9-14). Ba sai da Turanci ba, ba sai da murya mai karkarwa ba. Yi magana da Hausar da kake yi wa mahaifinka.

Idan kana neman madafa, riƙe addu'ar da Ubangiji ya koyar (Matiyu 6:9-13), ka bi ta a hankali. Ka lura, babu "ni" a cikinta ko sau ɗaya: Ubanmu, ka ba mu, ka gafarta mana, ka cece mu. Duk ranar da ka ce "ka ba mu abinci", ka tsaya ka tuna su wane ne ke cikin "mu" ɗin nan, ko akwai wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin gero ya nuna. Maganar Allah kuwa tana nan a harshenmu tun 1932, lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a ciki, an kuma fitar da sabuwar fassara a 1979. Yau ana samunsa da murya, a saka maka a ƙaramar waya ka saurara. In ba haka ba, sa jikanka ɗan makaranta ya karanta maka, ku biyu ku amfana.

Ya halatta in yi wa maƙwabtana Musulmi addu'a, da dagaci da hakimi?

Umarni ne ma. Bulus ya ce a yi roƙo da godiya domin dukan mutane, da sarakuna da duk masu mulki, domin mu zauna lafiya (1 Timoti 2:1-4), kuma masu mulkin zamaninsa ba masu bi ba ne. Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da ke bauta a Babila cewa su nemi zaman lafiyar garin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu (Irmiya 29:7). Mu kuwa ba baƙi ba ne a nan. A gida ɗaya za ka tarar wa Kirista, ƙane Musulmi, kakansu ɗaya. Ruwan da ya sauka a gonarka shi ya sauka a tasu. Ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a yankunan Ringim da Haɗeja ba ta tambayi addinin kowa ba, haka wutar tankar mai da ta tashi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Majami'ar da irin wannan labari ya iso ta, ba ta durƙusa ba, ya kamata ta tambayi kanta.

Muna roƙa musu lafiya da albarkar gona da zaman lafiya, muna kuma marmarin su san Almasihu kamar yadda muka san shi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma kada gaisuwa da taimako su zama tarko. Ka je gaisuwar mutuwa domin an yi mutuwa. Idan an tambaye ka dalilin begenka, Bitrus ya ce ka amsa da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16).

Wanda ya cuce ni fa? Bakina ya ƙi furta sunansa.

Na san wannan da kaina. Wata shekara wanda muke iyaka da shi ya tumɓuke gambar da mahaifina ya dasa, ya shigo mini da kunya biyu. Damina guda ina tsayawa gaban jama'a ina bi da addu'a, amma idan muka iso wurin "kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi", sai in ji harshena ya yi nauyi. A lokacin ne addu'ata ta bushe ƙwarai, na rasa dalili, alhali dalilin yana gabana kowace safiya.

Abin da na yi kaɗan ne. Na fara da faɗa wa Allah gaskiya, cewa ba na son mutumin. Bayan kwanaki na iya ambaton sunansa kawai. Daga baya na iya roƙon kada zazzaɓi ya kama 'ya'yansa. Maganar iyakar kuwa na kai ta wurin mai unguwa, dattawa suka fita suka duba, domin gafara ba ta hana neman haƙƙi ta hanyar da ta dace. Kunya ɗaya ta dawo, ɗayar na bar masa. Yesu ya ce mu yi wa masu tsananta mana addu'a (Matiyu 5:44), bai ce sai mun ji daɗin yi ba. Idan cutar ta shafi duka ko barazana ga rai, a sanar da dattawan ikilisiya da hukuma, kada a ce addu'a ta wadatar a zauna cikin haɗari.

Idan na yi wa mutum addu'a, na sauke nauyi ke nan?

Yakubu ya amsa wannan: ɗan'uwa ba shi da tufa ba shi da abinci, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfanin? (Yakubu 2:15-16). Zumunta a ƙafa take. Wanda ka yi mako kana ambatonsa, ƙafarka za ta kai ka ƙofarsa, in dai da gaske kake.

Tarihin bishara a ƙasar Kano ma ta nan ya bi. A ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM ya karɓi aikin kula da masu ciwon kuturta a lardin Kano, aikin da aka san garin Yadakunya na kusa da Kano da shi, a 1943 kuma ya buɗe asibitin ido a Kano, wanda yake hannun ikilisiyar ECWA har yau. Da yawa daga iyayenmu a wurin wankin miki suka fara jin sunan Yesu. Mu ba mu da asibiti, amma muna da gayya. Matasa goma su yi wa gwauruwa noma kafin hantsi, Zumuntar Mata ta tara mudu-mudu a kai gidan da aka yi rashi, mai babur ya kai mai naƙuda asibiti ba tare da ya jira kuɗin mai ba. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da zama: ya je ya zauna da mara lafiya, ya kore masa ƙuda, ya ɗebo masa ruwa.

Dole ne sai da azumi?

Yesu ya ɗauka almajiransa za su yi azumi, ya ce dai kada a ɓata fuska domin a gani (Matiyu 6:16-18), amma bai yanka mana wata ko adadin kwanaki ba. Katolika da Angilikan suna kiyaye kwana 40 kafin Ista, wasu ikilisiyoyi kuma sukan sa nasu a farkon shekara. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki, kada su takura kansu, musamman a zafin bazara. Ishaya 58:6-7 ta faɗi azumin da Allah ya zaɓa: a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigar da mara gida. Saboda haka nakan ce, hatsin da ba a dafa ba ranar azumi kada ya koma rumbu, a auna shi a kai wa wani (duba amsar da ta gabata).

Taron falkaswa ba shi ne hanyar sabuntawa ba? Kuma me za mu yi da masu sayar da mai da ruwan addu'a?

Taron falkaswa yana da amfani, na ga mutanen da suka shirya da 'yan'uwansu a irinsa bayan gaba ta shekaru. Amma kamar ruwan farko yake: idan ba a bi shi da shuka ba, ƙasa ta sake bushewa. Aikin bishara na Sabon Rai Don Kowa da ya bazu a Arewa a shekarun 1960, ƙarfinsa yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a na gida-gida da suka riga wa'azin fita.

Mai cewa sai ka sayi kwalbar mai ko ka "shuka iri" na kuɗi kafin Allah ya ji ka, ka guje shi. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Raina yana ɓaci idan na ga tsohuwa ta sayar da akuyarta ɗaya tak ta kai wa irin waɗannan. Shafa wa mara lafiya mai yana cikin Yakubu 5:14, amma dattawan ikilisiya ne ake kira, kuma ba a ambaci farashi ba.

Mun yi addu'a, mun yi azumi, yaron ya rasu. Rashin bangaskiyarmu ne?

Kada kowa ya ɗora muku wannan kaya a kan wanda kuke ɗauke da shi. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:8-9). Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya sha shi. A bakin kabarin Li'azaru ya yi hawaye, ko da yake ya san abin da zai yi. Dalilin kowace mutuwa yana wurin Allah, begenmu kuwa tashin matattu ne.

Ga masu zuwa gaisuwa: abokan Ayuba sun kyauta kwana bakwai da suka zauna shiru, da suka buɗe baki ne suka ɓata. Ga sauran iyaye kuma, addu'a ba ta gaba da asibiti. Yaro ya yi zafin jiki da damina, a ɗora masa hannu a kuma kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira sai ya fara sanƙarewa.

Mu kaɗan ne a ƙauyenmu, ba mu da fasto. Ta ina za mu fara?

Yesu ya yi alkawarin kasancewa inda mutum biyu ko uku suka taru da sunansa (Matiyu 18:20). Ku zaɓi rana ɗaya a mako wadda ba ta ci karo da kasuwarku ba, bayan an dawo da dabbobi, a tsakar gidan ɗayanku, ku riƙa juyawa gida-gida. Waƙa ɗaya, karatu gajere, sa'an nan kowa ya faɗi wanda ya gani cikin wahala a makon. Ku sami littafin rubutu na 'yan makaranta, wanda ya iya rubutu ya riƙa sa suna da kwanan wata, a bar fili a gefe domin a rubuta abin da ya faru daga baya da kuma wanda ya ɗauki nauyin zuwa dubawa. Kafin a tashi a tabbata kowane suna yana da mai ziyara.

Hattara da abu ɗaya: roƙo domin wasu yana saurin zama tsegumi. Asirin gidan wani ba a baza shi da sunan addu'a. Idan matsalar ta aure ce ko ta kunya, a ce "gidan wane suna bukatar taimakon Ubangiji", a tsaya nan, sauran bayani ya zauna wurin dattijo ɗaya ko uwar zumunta.

Ku ware shafi guda domin 'yan ci-rani. Da an gama girbi samari sukan watse zuwa Kano, Abuja, Legas da Fatakwal, wasu gadi, wasu acaɓa, wasu turin ruwa, kuma a can ne da yawa suke yin sanyi domin ba mai tambayarsu. A rubuta sunan kowa da garin da yake, a raba su tsakaninku, kowane mako a kira ko mutum biyu ne a waya a gaya musu an ambace su. Matansu da iyayensu da aka bari a gida su ma a sa su a shafin, a riƙa leƙa su har ruwa ya sauka mazan su dawo.